Faya-fayan ado na tsohon keken Singer 401A: me ya sa zanen ba ya fita?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a. Watan jiya na sayi wani tsohon keken ɗinki a hannun masu sayar da kayan gwanjo na waje a nan Kano, an rubuta Singer 401A a jikinsa, kuma a cikin akwatin kayansa na tarar da baƙaƙen faya-fayai guda shida masu kama da 'yar malafa, kowane da lambarsa da hoton zane a samansa. Shekara goma sha biyu ina ɗinki da Butterfly, saboda haka miƙaƙƙen ɗinki bai ba ni wahala ba, yana ma fita da kyau fiye da yadda na saba gani. Matsalar ita ce idan na ɗaga murfin sama na sa faifai, allura ba ta karkata ko'ina, tana tafiya a miƙe kamar ban sa komai ba. Sau ɗaya da na yi ta murɗa maɓallai ta ɗan yi lilo, amma abin da ya fito bai yi kama da hoton da ke kan faifan ba, yadin kuma ya tattare. Burina in riƙa yi wa rigunan yara da bakin hijabi da zanen gado ado. Ina roƙon wanda ya san kan wannan keke ya fahimtar da ni inda nake kuskure.

Tela_Fagge:
Wa alaikumus salam. Malama, kafin a je batun faifai, wace wuta kike ba shi? Harafin A da ke bayan lambar yana nufin an ƙera shi ne a masana'antar Singer da ke garin Anderson a Amurka, kuma irinsu wutar 110 zuwa 120 suke ɗauka, alhali tamu 220 zuwa 240 ce. Na ga wanda ya jona irinsa kai tsaye, ko minti ɗaya bai yi ba motar ta yi hayaƙi.

Maman_Ilham:
Na gode, Malam. Wanda ya sayar mini ya haɗa mini da na'urar rage ƙarfin wuta, kuma da ita nake aiki tun ranar farko.

Baba_MaiGyara:
Madalla da wannan tambaya, 'yata. Bari in fara da yadda abin yake aiki, domin wanda ya gane shi ba zai ƙara murɗa maɓalli da ka ba.

Faifan nan ba ya ɗinka komai. Idan kika duba gefensa za ki ga tudu da kwari, kuma a cikin keken akwai wani ɗan yatsan ƙarfe da aikinsa shi ne ya jingina da wannan gefen yayin da faifan ke juyawa. In yatsan ya hau tudu sai ya tura sandar allura gefe, in ya faɗa kwari sai ta dawo. Iyakar aikin faifai ke nan, wato ya gaya wa allura inda za ta soka a dama ko a hagu. Tafiyar yadi gaba kuwa ta haƙoran ƙasa ce, faifan ba shi da iko a kanta a wannan keken.

Shi 401 yana da jerin faya-fayan ƙarfe a cikinsa tun daga masana'anta, a jere ɗaya bisa ɗaya, wanda kika sa kuma yana zama ne a can samansu. Maɓallai biyun da ke gaba su ne ke ɗaga yatsun ƙarfe su kai su kan faifan da ake so. Ɗaya yana da haruffa daga A zuwa J, ɗayan kuma daga K zuwa wurin da aka rubuta Special. In kika bar su a A da K, miƙaƙƙen ɗinki za ki samu ko da faifai goma kika sa, kuma ina kyautata zaton a nan keken naki yake. B da L su ne zigizag na yau da kullum. Faifan da kika sa da hannunki ba zai yi aiki ba sai kin kai na farko kan B, na biyu kuma kan Special, sannan ki matsa ɗan jan hannun nan mai lamba 1 zuwa 5, wanda shi ne ke ƙayyade faɗin lilon allura.

Abu biyu ki kiyaye. Kada ki taɓa maɓallan nan allura tana cikin yadi, ki ɗaga ta sama tukuna, in ba haka ba za ta lanƙwashe ko ta karye. Kuma in za ki cire faifai ko ki sa wani, ki fara kawar da maɓallin daga Special, domin yatsan ƙarfen ya janye daga gefensa, sannan ki danna sabon har ki ji ya zauna daram.

Ummu_Haidar:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara shi ne tazarar ɗinki, domin ita ce ta hana ni barci lokacin da nake koyo. Faifan yana zagayawa sau ɗaya ne bayan adadin sukar allura da ba ya canjawa, saboda haka in tazarar ta yi faɗi zanen zai warwatse ya koma kamar zigizag mara tsari, wanda ina jin shi ne abin da Maman Ilham ta gani. Sai an kai hannun tazara can sama wurin da aka rubuta FINE, inda zare ke kwanciya kusa da ɗan'uwansa, sannan siffar ganye ko ta kibiya take bayyana. Amma kada a matse shi gaba ɗaya, domin yadin zai tsaya wuri ɗaya zare ya taru ya zama ƙulli a ƙarƙashi.

Abbakar_Surfani:
Ni dai, da girmamawa, ina ganin wahalar ta fi ribar yawa. Wanda yake son aikin wuya na sayarwa ya nemi Singer 20U, wato babban keken zigizag na shago, ko keken tinko, ko ya kai wa masu kwamfuta su buga masa. Faɗin zanen waɗannan faya-fayai bai wuce rabin santimita ba, wane mai shadda ne zai biya kuɗi a kan wannan siririn layi? Keken da ya haura shekara sittin, in wani abu ya karye a cikinsa ina za a samo madadinsa?

Hajiya_Damagaram:
Malam Abbakar, ba kowane ado ne aikin wuyan babbar riga ba. Ita Maman Ilham ta faɗi abin da take so, rigunan yara da bakin hijabi, kuma a nan siririn layin ne ake nema, domin manyan zane suna sa bakin hijabi ya yi nauyi ya ƙi zuba. Ni ina da Elna Supermatic, koren keken nan na ƙasar Suwizalan da kamfanin Tavaro na Janeba ya fara fitarwa a 1952, na gaje shi daga yayar mahaifiyata, kuma har yau da shi nake yi wa jikokina kayan sallah. Wata dabara da na koya ita ce jera layuka. In ka yi layi ɗaya na zanen ganye, ka juya yadin ka yi wani a gefensa yana fuskantarsa, sannan ka ratsa tsakiyarsu da zare mai wani launi, sai ka samu ado mai faɗin yatsa biyu wanda ba wanda zai ce daga ƙaramin faifai ya fito.

Elna kuma yana da abin da Singer 401 ba shi da shi. Faya-fayansa iri biyu ne, akwai mai hawa ɗaya, akwai mai hawa biyu. Mai hawa biyun yana juya allura, yana kuma sa haƙora su ja yadi gaba da baya, shi ya sa yake iya fitar da 'yan agwagi da furanni masu rufaffen da'ira. Aibinsa ɗaya shi ne 'yar robar da motar ke juya keken da ita, wadda in keken ya daɗe a ajiye takan lotsa ta gefe guda, sai ya riƙa ƙara kamar ana daka.

Sadiq_Kumasi:
Hajiya, in haka ne ai sai Maman Ilham ta nemi faya-fayan Elna masu hawa biyu ta sa a nata. Ni a sanina faifai faifai ne, muddin ya shiga ramin.

Baba_MaiGyara:
A'a, ɗana Sadiq, wannan shawarar za ta jawo asara. Kowane kamfani da nasa faifan, kuma ba sa shiga na juna. Na Elna daban, na Necchi na Italiya daban, na Kenmore da kantin Sears na Amurka ya riƙa sayarwa daban, ballantana kekunan Japan masu sunaye barkatai waɗanda kusan kowane samfuri da irin nasa. Ko a cikin gidan Singer ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai shimfiɗaɗɗu marasa malafa, waɗanda 306 da 319 da 328 ke amfani da su, akwai kuma masu malafa na 401 da 403 da 500 da 503. Daga baya an yi wasu farare domin kekunan Singer samfurin Touch & Sew na ƙarshe-ƙarshe, waɗanda ke buƙatar keken da zai iya mayar da yadi baya da kansa, kuma 401 ba shi da abin da zai karanta wannan sashen. Wanda ya danna faifan da ba nasa ba da ƙarfi, ko faifan ya tsage ko yatsan ƙarfen ya goce.

Sadiq_Kumasi:
Na karɓi gyara, Baba, Allah ya ƙara sani. To ni nawa 319K ne, mai 'yan hannuwa a sama kamar na keken rubutu, kuma kullum allura tana bugun ƙoshiya in na buɗe zigizag sosai. Ko wannan ma laifin faifai ne?

Tela_Fagge:
Ba laifin faifai ba ne, laifin allura ne. 306 da 319 suna da tasu allurar mai lamba 206x13, wadda tsininta ya fi na allurar gida gajarta. In ka sa 15x1, wato allurar gida da ake sayarwa ko'ina, tsinin zai riƙa taɓa ƙoshiya har ya yi mata tabo, daga nan kuma zare ya fara tsinkewa. Ita Maman Ilham ta huta da wannan, domin 401 allurar gida yake ɗauka. K ɗin da ke jikin naka kuma na masana'antar Kilbowie ce a Clydebank ta ƙasar Sikotilan, wadda aka rufe a 1980.

Maman_Ilham:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na duba kamar yadda ka ce, kuma lalle a A da K yake. Na farkon ya motsa zuwa B ba gardama, amma na biyun ya ƙi wuce M, ko na danna ko na ja. Ina tsoron in matsa masa in karya wani abu. Shin in kai shi wurin mai gyara ne, ko akwai abin da zan iya yi a gida?

Zainab_Ohio:
'Yar'uwa, kada ki matsa masa ko kaɗan. A nan inda nake irin waɗannan kekuna suna da yawa a kasuwar tsofaffin kaya, kuma kusan duk wanda na taɓa saya da wannan ciwon yake zuwa. Ba karyewa ya yi ba, tsohon mai ne ya bushe ya zama kamar ƙaro a jikin sandunan nan biyu da yatsun ƙarfe ke hawa da sauka a kansu. Ki kwance sukurori biyu na murfin sama ki ɗaga shi, za ki ga sandunan a tsaye kusa da jerin faya-fayan. Ki ɗiga musu man keke, ki hura musu iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi na 'yan mintoci, sannan ki riƙa motsa maɓallin a hankali iyakar inda ya yarda. Nawa sai da ya kwana uku ina yi masa haka safe da yamma kafin ya saki.

Abbakar_Surfani:
Kananzir ya fi saurin narkar da tsohon mai. Mu da shi muke wanke kekunan shago tun muna yara.

Ummu_Haidar:
Kananzir yana narkarwa, gaskiya ne, amma ba ya zama a madadin mai, saboda haka in an yi amfani da shi dole a goge a bi da man keke. Kuma a wannan keken motar tana cikin jikinsa ne, ba a waje take ba kamar ta kekunan shago, don haka ba a kwarara shi, sai dai a ɗiga da tsinken auduga bayan an cire wuta. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne sa man gyaɗa ko baƙin man mota. Wani mai gyara a unguwarmu ya taɓa cika mini keke da man da ban san irinsa ba, bayan wata biyu komai ya daskare, sai da na biya wani ya wanke shi daga farko.

Baba_MaiGyara:
Duka biyun suna da gaskiya, sai dai ni na fi son hanyar Zainab ga wanda bai saba ba, domin ba ta ɓata komai, haƙuri kawai take ci. Ƙari a kan haka, 'yata, wannan keken ba shi da bel, giya ce ke juya shi daga mota har ƙasa. Giya man giris take so, ɗan kaɗan, sauran gaɓoɓi kuma man keke. Faya-fayan baƙaƙe ba a sa musu komai, a goge su da busasshen ƙyalle ya isa, kuma kada a bar su a rana ko a jefa su cikin gwangwani ɗaya da almakashi, domin ƙaramin ɓalli a gefen faifai zai fito a jikin zane duk zagaye.

Amarya_Rabi:
Ina bin wannan muhawara da sha'awa duk da cewa Butterfly kawai nake da shi. Shin mu masu baƙin keke ba mu da rabo a wannan ado ke nan?

Zainab_Ohio:
Kuna da ɗan rabo. Butterfly an kwaikwayi tsarin Singer 15 ne, allurarsa ba ta lilo, amma Singer ta taɓa yin wata na'ura da ake ɗaurawa a madadin ƙafar danne yadi, mai nata ƙananan faya-fayan, wadda maimakon ta karkata allura sai ta riƙa jan yadin dama da hagu. Tana aiki a kan yadi mai ɗan kauri, amma zanenta bai kai na keken da aka ƙera domin zigizag tsabta ba, kuma a kan yadi mai santsi takan zame. In kin ci karo da ita da araha ki gwada, amma ba zan ce ki bazama nemanta ba.

Maman_Ilham:
Ina sanar da ku cewa maɓallin ya saki a daren jiya, bayan kwana biyu ina ɗiga mai ina hura ɗumi. Na kai shi Special, na sa faifai, na kai tazara kusa da FINE kamar yadda Ummu Haidar ta ce, sai ga zanen ya fito sak irin na hoton, har na kira maƙwabciyata ta gani. A kan atamfa ninki biyu ya yi kyau ƙwarai. Da na gwada a kan boyel mai laushi da nake yin hijabi da shi kuwa, sai yadin ya naɗe a ƙarƙashin zaren ya yi kamar igiya, kuma zaren kwarkwaro yana leƙowa sama a gefe-gefe.

Tela_Fagge:
Barka da arziki, Malama. Leƙowar zaren ƙasa alama ce ta zaren sama ya yi tsauri, abin da muke kira tenshin. Ki sassauta shi da lamba ɗaya ko biyu, domin a aikin ado ana so zaren sama ya ɗan zagaya ƙasa, ta yadda fuskar zanen za ta fito sumul. Ki duba akwatin kuma ko akwai wata ƙafar danne yadi mai kwarmi a ƙasanta. Ita aka yi domin wannan aikin, saboda zaren da ya taru ya samu hanyar wucewa, ta yau da kullum kuwa takan toshe shi. Ki lura cewa sandar allurar 401 a karkace take, don haka ƙafar Butterfly ba za ta hau kansa ba.

Hajiya_Damagaram:
Naɗewar yadi kuma maganinta abin tallafi a ƙasa. Ni takarda mara kauri nake shimfiɗawa a ƙarƙashin boyel, in ɗinka tare da ita, in na gama in yage ta a hankali. A da can mukan jiƙa yadin da sitaci mu goge shi ya yi ƙarfi, in an wanke ya koma yadda yake. Ki kuma rage faɗin zuwa 3, domin yadi mai laushi ba ya jure lilon 5.

Abbakar_Surfani:
Takarda tana dakushe allura, Hajiya, kuma guntayenta suna maƙalewa a cikin zare. Me zai hana ta manna takardar gam irin wadda muke sa wa wuyan riga?

Hajiya_Damagaram:
A wuyan riga ana son tauri, a bakin hijabi ba a so. In ta manna gam zai zauna har abada, bakin ya sandare kamar kwali. Allura kuwa ai ana canja ta ko da takarda ko babu.

Ummu_Haidar:
Ni ina tsakani, domin nakan yi amfani da gam a kan zanen gado da rigar matashi, takarda kuma a kan abin da ake so ya zuba. Akwai wani abu da ba a ambata ba wanda zai dame ki nan gaba, Maman Ilham, wato farkon zane. Faifai yana tsayawa ne duk inda kika tsaya, saboda haka in kika fara sabon layi zai iya somawa daga tsakiyar ganye. Ki riƙa ɗinkawa a kan ƙyalle har ganye ɗaya ya cika, ki tsaya daidai nan allura tana sama, sannan ki sa yadin gaske. In kina jera layuka biyu irin na Hajiya, wannan ne kawai zai sa su yi daidai da juna. Kuma kada ki ja yadin ko ki tura shi, ki dai riƙe shi ya tafi a miƙe, domin ɗan ja kaɗan yana sa ganye ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo.

Sadiq_Kumasi:
Shin gudun keke yana canja tsawon zanen? Ni ina ganin kamar in na yi sauri nawa yana miƙewa.

Baba_MaiGyara:
A ƙa'ida ba ya canjawa, tunda faifai da allura giya ɗaya ke juya su, kuma adadin suka a kowane zagaye ɗaya ne ko a hankali ko da gudu. In ka ga ya miƙe, to hannunka ne ke jan yadin ba ka sani ba, ko kuma ƙafar ba ta danne shi sosai.

Abbakar_Surfani:
Har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba a kan aikin kasuwa, domin wanda aka kawo wa kaftani ashirin ana saura mako ɗaya sallah ba zai zauna yana lissafin farkon ganye ba. Amma na yarda cewa ga kayan yara abin yana da kyau. Maman Ilham, in kin samu dama ki sa mana hoton bayan yadin, ba fuskarsa kawai ba, a nan ake gane ko zaren ya daidaita.

Maman_Ilham:
Zan sa in sha Allahu, Malam Abbakar. Na sassauta zaren sama, na sa takarda, na rage faɗi zuwa 3, kuma naɗewar ta ragu sosai, sai dai ba ta ɓace gaba ɗaya ba a wurin da zanen ya fi cika. Ƙafa mai kwarmin ba ta cikin akwatin, don haka zan fara nemanta. Gobe zan gwada sitaci irin na Hajiya a kan sauran ƙyallen boyel ɗin. Baba, a cikin faya-fayan shida akwai ɗaya mai lamba 0 wanda ba ya fitar da komai sai zigizag, shin lalacewa ya yi?

Baba_MaiGyara:
Lafiyarsa ƙalau, 'yata. Na 403 ne ko 503, waɗanda ba su da jerin faya-fayai a cikinsu, sai da shi suke iya zigizag. Naki ba ya buƙatarsa tunda B da L suna yi miki wannan aikin, amma ki adana shi, domin masu 403 suna nemansa ido rufe, wataƙila ma ki samu wanda zai ba ki ƙafa mai kwarmin a madadinsa.